Rumbun da Aka Bar Mini

Ina da shekara arba'in da bakwai aka fara zaunar da ni a gaban kwamfuta. Lokacin shekarata uku ke nan a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar a firamaren garinmu, tsakanin Kura da Bunkure. Ni ba mai saurin ɗauka ba ne, amma ba na fashi. Abin da wasu ke koya a wata ɗaya sai in yi wata uku a kansa, sai dai in ya zauna mini, ya zauna ke nan. Har na kai ina karanta rubutun jikin buhun taki, kuma ni ke rubuta wa ƙungiyarmu ta manoman rani sunayen waɗanda suka fito yasar kanal, wato babbar hanyar ruwan gonakinmu, da waɗanda suka maƙale a gida.

A shekarar ne wani shiri na tallafa wa manoma ya kawo wa ƙungiyar kwamfuta ɗaya da kyamara da ƙaramin janareto. Aka ajiye su a ofishinmu na Kura, ɗaki ɗaya a bayan injinan casar shinkafa, inda dusa ke shigowa ko an rufe taga. Wata ma'aikaciyar shirin ce ke zuwa daga Kano duk Talata, Malama muke ce mata. Ita ta buɗe wa ƙungiyar shafi a intanet. Ta ce duk hoton da muka ɗora a kai masu binciken gona za su gani, manyan shirin za su gani, kai har wanda ke wata ƙasa in ya so zai gani. A cikin shafin ta ware wuraren zuba hotuna guda huɗu, na shinkafa, na tumatir, na albasa, da na ruwa, wato kanal da ƙofofinsa. Folda take ce musu. Mu muka ce rumbu, har ita ma ta bi bakinmu.

Mutum huɗu aka zaɓa, kowa da rumbunsa. Ni aka ba shinkafa, domin ita nake nomawa. Mai albasa da mai ruwa ba su cika zuwa ba. Tumatir kuwa ɗan kawuna aka ba, taubashina, wanda na girme shi da damina ɗaya. Manomi ne kuma dillalin tumatir, mai baki, mai dariya tun daga nesa, shi ya riga kowa riƙe wayar hannu a unguwarmu. Ya ɗan taɓa zuwa ajinmu, da ya iya rubuta sunansa da karanta na wayarsa sai ya ce ilimin ya isa haka, kada ya yi masa yawa ya hana shi ɗaukar kwando. Bai taɓa kirana da sunana ba. Ɗan mace yake ce mini, ni kuma in ce masa ɗan kawu, kuma tun muna yara kowa ke cewa shi ne ubangidan ɗaya.

Malama ta ba kowannenmu kalmar sirri da zai buga kafin ya shiga, ta ce ko matarka kada ka faɗa wa. Amma da farko duk wanda ya shiga, rumbunan huɗu a buɗe suke a gabansa. Ya zuba inda ya ga dama, ya ɗauke abin da ya ga dama.

Na so aikin nan fiye da yadda ya kamata dattijo ya so abu. Da na gama ban ruwa da safe sai in hau keke in nufi Kura, in kaɗe dusar da ke kan madannai, in tayar da janareto idan babu wuta. In na gama da shinkafa ba na tashi. Sai in bi sauran rumbunan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mutum ke bin bakin kanal yana leƙa gonar kowa. Hoton da ya kwanta in miƙar da shi. Albasar da ta ɓata hanya ta faɗa cikin tumatir in mayar da ita gida. Haka muke a gona. In ka ga ruwa ya ɓalle a fangalin maƙwabcinka ba ka zuwa neman izininsa, toshewa kake yi ka wuce, in kun haɗu ya yi maka godiya. Manoma suka fara zuwa wurina in suna so a ɗauki hoton gonarsu. Mutumin da shekara uku baya ko sunansa dangwala masa yake yi da yatsa, yau shi ake jira a bakin ofis.

Wata Alhamis na buɗe rumbun tumatir na tarar da sababbin hotuna da ɗan kawuna ya zuba. Gonar wani dattijo ce, maƙwabcina a layin ruwa. Ganyen duk ya nannaɗe ya yi rawaya, 'ya'yan sun tsaya ƙanana, wasu sun yi baƙi a gindi. A hoto biyu ga dattijon nan kansa a tsaye a tsakiyar asararsa, hularsa a hannu.

A wurinmu, idan amfanin mutum ya lalace ba a tsayawa a gefen gonarsa ana kallo. Kau da kai ake yi a wuce, in an haɗu a masallaci a ce Allah ya mayar da alheri, shi ke nan. Ga shi yau an kafa tsohon nan a inda Malama ta ce duniya duka na iya gani. Na ɗauka rashin ta-ido ne irin na ɗan kawuna, wanda ba ya gane inda wasa ke ƙarewa. Ban tambayi kowa ba. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Na koma gida zuciyata fes, ina ganin na rufa wa maƙwabcina asiri.

Ranar Talata Malama ta zo fuska ba walwala. Ashe ita ta buga wa ɗan kawuna waya ta ce ya ɗauki gonar, domin masu bincike a Kadawa suna son ganin irin ciwon kafin ya bi sauran gonaki. Dattijon ma da yardarsa aka yi, shi ya ce a ɗauke shi a ciki don a san ba labari ba ne. Kyamarar an riga an share ta kamar yadda aka koya mana, gonar kuma dattijon ya tuge ta ranar Asabar. Babu inda za a sake samun hotunan. Ba ta tambayi wanda ya yi ba, domin ashe kwamfutar na rubuta sunan duk wanda ya taɓa wani abu da lokacin da ya taɓa.

Na faɗa mata dalilina. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"Malam, na gane niyyarka," in ji ta. "Laifin ma nawa ne da na bar ƙofofin a buɗe. Yau zan rufe su."

A gabanmu ta yi. Ta buɗe wani shafi da ban taɓa gani ba, sunayenmu a jere, kowane suna da 'yan akwatuna huɗu a gabansa, kowane akwati da alama a ciki. Ta zo kan sunana ta cire alama uku, ta bar ɗaya. Haka ta yi wa mai albasa da mai ruwa. Da ta zo kan ɗan kawuna sai ta bar huɗun yadda suke. Ta yi bayani cewa daga yau kowa rumbunsa kaɗai zai gani, a nan kaɗai zai zuba, kuma hoto ba zai fito a shafi ba sai mai makulli, wato mai alama huɗun, ya duba ya amince. Babu mai goge komai sai shi. Ta ce ta zaɓi ɗan kawuna ne saboda yana da waya, tana iya samunsa daga Kano. Sannan ta dube ni ta ce aikin zai yi wa mutum ɗaya yawa, don haka in an gama kwashe amfanin rani za ta ƙara mai makulli na biyu, sai dai tana so ta ga yadda abubuwa za su tafi tukuna.

Wannan maganar na riƙe. Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Washegari na buga kalmata na shiga. Inda na saba ganin rumbuna huɗu a jere, guda ɗaya ne a tsaye, sauran allon fari fat. Na daɗe ina kallon farin wurin.

Zan faɗi gaskiya, domin yanzu babu abin da ɓoyewa zai ƙara mini. Ba kunyar abin da na yi ce ta fi damuna ba, ƙyashi ne. Da a ce mai albasa aka ba, da na haɗiye. Amma ɗan kawuna, wanda sai ya yi ta neman harafi a kan madannai da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Na ce a raina, dole mana a ce bai ɓata komai ba, wanda bai taɓa aiki ba ina zai samu abin ɓatawa. Manoman da ke jirana a bakin ofis suka koma jiransa. Suka sa masa suna mai makulli, shi kuma yana amsawa da ƙarfi. Wani ya zo wurina da maganar gonar albasarsa, na ji bakina na cewa sai dai ya jira mai makulli, na ji kamar na tauna tsakuwa.

Hotunan shinkafata ma sai sun jira shi. Wani lokaci kwana biyu, wani lokaci biyar, yana can kasuwa. In ya zo sai ya baje a kujera, ya ajiye wayarsa a kan tebur, ni ina tsaye a bayansa.

"Ɗan mace, wannan ya yi duhu. Shinkafa ce ko gashin tunkiya? Je ka sake ɗauko wa ubangidanka wani."

"In ka gano inda harafin amincewa yake kafin azahar, zan sake," na ce.

Aka yi dariya, ni ma na yi. Wasa ne irin wanda muka shekara arba'in muna yi, amma a wannan karon yana shiga inda bai saba shiga ba. Na koma leƙa shafin ta waje, yadda kowane baƙo zai gan shi, ba don komai ba sai don in nemo kuskurensa. Kuma ina samu. Hoto a kwance, hoto ba bayani, ƙofar kanal a cikin albasa. Ina gani, ba ni da hannun gyarawa, kuma a ƙasan zuciyata ba na so a gyara. Na san abin da malamai ke faɗa a kan hassada, ina neman tsari bayan kowace salla, amma da na hau keke sai ta hau bayana. Matata ta ce tun da aka rufe rumbunan nan ba a ƙara cin tuwo a gidanmu ba sai da ɗan kawu a cikin miyar.

Na yi haƙuri dai. Rumbun shinkafa na gyara shi yadda ko Malama ba za ta samu abin cewa ba. Kowane hoto na rubuta masa layin ruwan da gonar take, da ranar da aka ɗauka, da irin da aka shuka.

Da tumatir ya nuna, ɗan kawuna ya shiga bin motoci zuwa kudu. Ya yi kwana shida a hanya, ya dawo ya kwana biyu, ya sake tafiya. Hotuna suka taru ba mai amincewa. Malama ta yi ta kiran wayarsa. Wata safiya ya tare ni a bakin kanal, motar kwanduna na jiransa a titi, ya ja ni gefe ya raɗa mini kalmarsa a kunne. Na tuna masa abin da Malama ta ce. Ya ce tsakaninmu ana aron fartanya, ana aron injin ban ruwa, ana aron keke, wannan ɗin me ya fi su da shi. Ya ce in riƙe masa kafin tumatir ya ƙare, ranar Talata kawai in shiga da tawa.

Na san ba daidai ba ne. Na kuma san mutumin da ke jiran a ba shi amana bai kamata ya shiga ta bayan gida ba. Amma ko kekena ban jingine da kyau ba ranar, na buga kalmar, rumbuna huɗu suka fito.

Mako uku na yi a haka. Na amince da duk abin da ya taru. Na miƙar da abin da ya kwanta, na mayar da kowane hoto rumbunsa. Na ɗauki kyamara na bi layukan ruwa da ƙafa, na tambayi masu gonaki irin da suka shuka, na dawo na rubuta a ƙarƙashin kowane hoto kamar yadda na yi wa shinkafa. Ko guda ban goge ba, har wanda ya fito dishi-dishi. Na tarar da wata gonar da ciwon nan ya kama, na tambayi mai ita, ya yarda, na ɗauka na ɗora, duk da raina bai so ba. Abin da ban tsaya na yi tunani a kansa ba shi ne abin da na riga na sani da kaina, cewa kwamfutar sunan mai kalma take rubutawa, ba ta san hannun da ya buga ba.

Bayan an kwashe amfani aka yi taro a gindin dalbejiyar da ke gaban ofis. Na sa rigata ta Juma'a. Shugaban ƙungiya ya buɗe da addu'a, Malama ta miƙe. Ta ce masu bincike sun yaba da shafinmu, sun ce a 'yan makonnin nan hotunan sun zo da bayanin da suke bukata, har sun gane ciwon tumatir ɗin. Ta ce abin ya ba ta mamaki, mutum yana tsakiyar kasuwancinsa amma bai bar aikin ƙungiya ya kwanta ba. Ta ambaci sunan ɗan kawuna, aka yi masa barka. Sai ta ce a baya ta yi niyyar ƙara mai makulli na biyu don tana tsoron aikin zai fi ƙarfinsa.

"Amma tunda ya nuna yana iyawa shi kaɗai, a bar shi haka. Yawan makulli shi ke kawo ɓarna."

Na dubi ɗan kawuna. Shi kuma ya dubi takalminsa. Bakina ya buɗe, sai na ga abin da zai fito. Zan tsaya a gaban mutane in ce ni ne na sake shiga inda aka hana ni, da kalmar da ba tawa ba, don haka a ba ni amana. Na rufe bakin. Da shugaba ya ce ko akwai mai magana, na ce Allah ya ƙara basira, aka ce amin.

Bayan an watse ɗan kawuna ya biyo ni inda na jingine keke, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Ya fara da cewa ai aikin bawa na ubangidansa ne, da ya ga ban yi dariya ba sai ya sauke murya.

"Ɗan mace, da na faɗa, da mu biyu za ta cire. Ka san haka."

Na ce na sani. Na karɓi goron, domin ba a mayar wa taubashi da hannu.

Kafin ta tafi ranar, Malama ta sa kowa ya sauya kalmarsa, ta ce haka ake yi lokaci zuwa lokaci. Ina kallo daga bakin ƙofa ɗan kawuna na neman haruffan sabuwar tasa. Bai raɗa mini ita ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar Alhamis da safe na je ofis, ba kowa. Na san an sauya. Duk da haka na rubuta sunansa na buga tsohuwar kalmar. Jan rubutu ya fito. Na sake bugawa, na sake. Ban san me nake nema ba, wataƙila so nake in ji ta ƙi ni da kyau. A karo na biyar wani dogon rubutun Turanci ya fito wanda ban iya karantawa ba. Na rufe, na shiga da tawa, na zuba hotunan shinkafa.

Da hantsi ranar Juma'a ɗan kawuna ya zo da manoma uku a bayansa, za a nuna musu gonakinsu. Ya buga sabuwar kalmarsa, ta ƙi. Ya goge gumi ya sake, ta ƙi. Ɗaya daga cikin manoman ya tambaya ko makullin ya yi tsatsa ne. Ya kira Malama, ina jin muryarta sama-sama daga wayar tana cewa idan aka yi ta buga kalmar da ba daidai ba, kwamfutar na rufe sunan mutum gaba ɗaya, sai ita ta zo ta buɗe. Ta ce ya riƙa bugawa a hankali. Ya rantse sau biyu kawai ya buga, ba ta yarda ba, manoman ma ba su yarda ba. Ya juyo ya ce in zo in duba masa. Na zo na duba allon kamar mai neman wani abu, na ce wannan sai Talata.

Kwana huɗu aka yi mai makulli na waje. Ni da rumbuna ɗaya ina shiga ina fita, shi ko ɗaya ba shi da shi. Ba zan ce ban ji daɗi ba. Na ji, har na ci tuwo da yawa ranar.

Talata Malama ta buɗe masa cikin minti biyu, ta sake nuna masa yadda ake ajiye yatsu. Ba ta ce da ni komai ba sai gaisuwa. Makulli na biyu ba a sake maganarsa ba, ni ma ban tayar ba. Da shirin ya ƙare bayan shekara biyu aka zo aka ɗauke kwamfutar, alama ɗaya ce a gaban sunana.